Kaka a Kujerar Gaba

Laraba, 1 ga Oktoba

Malama ta ce kowa ya riƙa rubuta abin da ya same shi kullum, wai don hannu ya saba da harshen garin nan. Na yi layi biyu na gaji. Da Hausa zan rubuta, ai ba mai gani.

Wata bakwai ke nan da zuwanmu. Ban taɓa ɗaga hannu a aji ba. Ina gane rabin abin da ake faɗa, amma in na buɗe baki sai maganar ta ƙi fitowa. Ko a can gida ma haka nake, shi ya sa Kaka take ce mini 'Yar Shiru.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Kaka ta sake yi wa Baba maganar komawa. Ta ce garin da maƙwabci ba ya amsa gaisuwa ba wurin zaman tsohuwa ba ne. Tun da muka zo sau biyu ta sauka bene. Jakarta tana bayan ƙofar ɗakinmu a ɗaure, zani uku kawai ta ciro.

Baba ya ce akwai wani ɗan garinmu da zai tafi gida ranar goma ga Nuwamba. "Inna, in har lokacin ranki bai kwanta ba, sai in haɗa ku."

Na shiga banɗaki na buɗe famfo. In ta tafi, da wa zan yi magana?

Lahadi, 5 ga Oktoba

Yau na shiga sinima! Ta gaske, mai jajayen kujeru.

Umma ce take share wurin, ƙaramin gidan sinima ne kusa da tashar bas. Na raka ta don in riƙe mata bokiti, sai Mai Tikiti, wata mata mai gajeren gashi da tabarau a wuya, ta nuna mini kujerar ƙarshe ta ce in zauna in ina so.

Duk Lahadi bayan azahar tsohon fim suke sakawa, baƙi da fari, wanda ba a magana a ciki. Baki yana motsi, ba murya. A ƙasan allon akwai fiyano, wani dogon tsoho yana kaɗawa tun daga farko har ƙarshe. In ana gudu yatsunsa su yi gudu. In yarinya tana kuka sai ya taɓa a hankali, har na ji tsigar jikina ta tashi. Ban san ana yin kiɗa a gabanka ya shiga cikinka haka ba, har kujera tana rawa.

Abin da ya fi mini daɗi: na gane komai. Komai! Daidai da kowa. Karo na farko a garin nan da na yi dariya lokaci ɗaya da mutane, ba bayan sun gama ba.

Sai dai dariyarsu 'yar ƙarama ce, ta hanci. Zaune suke kamar ana jarrabawa. Kuma na lura wani lokaci tsohon yana makara. Mutum ya faɗo daga tsani, har ya tashi yana kakkaɓe wando, sannan fiyano ta ce dum.

Talata, 7 ga Oktoba

Na ba Kaka labarin fim ɗin har sau uku. Ta ce, "Fim ɗin kurame ke nan? Lallai an samo naki."

Juma'a, 10 ga Oktoba

Ina so in kai ta. Ina kuma tsoro.

Kaka ba ta iya kallo da baki rufe ba. Duk gidanmu haka suke, ban da ni, amma ita ce shugaba. Ko labarai ake yi a talabijin sai ta amsa wa mai karantawa. In fim ne kuwa, "Ke, kar ki buɗe ƙofar nan!" "Kai wawa, yana bayanka!" Har maƙwabcinmu ya taɓa buga bango.

Na sa ta yi mini alkawari za ta yi shiru. Ta ɗora hannu a baki ta ce, "Kin ga, na ɗinke."

Lahadi, 12 ga Oktoba

Wayyo Allah.

Minti goma ɗinkin ya yi. Fim ɗin wata tsohuwa ce ta shigo birni da agwagwa a kwando, ba ta san kowa ba, motoci suna ta wuce ta. Kaka ta miƙe zaune. Na ji tana cewa ƙasa-ƙasa, "Sannu 'yar'uwa, haka suke." Na taɓa ta. Sai ga wani mai gashin baki ya lallaɓo zai ɗauke kwandon.

"ƁARAWO! Ke baiwar Allah, juyo!"

Duk sinimar ta juyo, ban da baiwar Allahn. Wani mutum a gabanmu ya ce shhh har da yatsa. Na nutse cikin kujera, na ja mayafina har hanci. Kaka kuwa ko a jikinta. "Kama shi! Yauwa! Ƙara masa!"

A bas ban yi mata magana ba. Ita ko sai dariya take yi ita kaɗai, tana cewa agwagwar nan ta fi mutanen garin hankali. Rabona da jin wannan dariyar tun a gida. Amma dai kunya ta kusa kashe ni.

Litinin, 13 ga Oktoba

Ta ce, "Takwara, fushi ake yi da ni?" Na ce a'a. Ƙarya na yi.

Laraba, 15 ga Oktoba

Umma ta dawo aiki ta ce Mai Fiyano yana neman yarinyar da ta zo da tsohuwa. Hankalinta a tashe, tana tsoron a ce mun ɓata musu wuri. Na kasa cin abinci.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na je bayan makaranta. Yana zaune shi kaɗai a gaban fiyano, fitila ɗaya a kunne. Na haddace "ka yi haƙuri" da harshensu tun a hanya, ban ma samu na faɗa ba.

Ashe shi ma ba ɗan garin ba ne. Shekara arba'in da zuwansa, kuma har yanzu maganarsa a karkace take kamar tawa, a hankali, da hannu. Na fi gane shi a kan Malama.

Ya ce a garinsu, yana yaro, haka ake kallo. A yi ihu, a zagi mugu, a yi wa yarinya kashedi. Ya ce tun da ya zo nan yake yi wa duwatsu kiɗa. Sai ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayinsa, hannun ya wuce ta gefe. Ya lalubo shi. Ya san na gani.

Ya nuna allon ya ce hazo kawai yake gani yanzu. Finafinan da ya sani tun da, yana kaɗa su da ka. Waɗanda bai sani ba, sai ya jira dariyar mutane, ita kuwa tana zuwa bayan abu ya wuce. Amma ranar Lahadi akwai wata murya da take gaya masa kafin abin ya faru. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta Hausa, amma ya san wannan tsoro ne, wannan faɗa ne, wannan tausayi.

Sai a lokacin na tuna: ranar bai makara ba ko sau ɗaya. Kunya ce ta hana ni lura.

Ya ce, "Kakarki tana gani mini. Ki kawo ta gaba."

Da na gaya wa Kaka, ta yi shiru. Kaka! Shiru! Can ta ce, "Allah sarki. Shi ma baƙo ne?" Sai ta tashi ta kwance jakar, ta ciro zaninta mai ruwan goro da take ajiye wa unguwa. Ta sake ɗaure jakar, amma dai ta ciro.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Kujerar gaba, ta farko daga hagu, dab da fiyano. Mai Tikiti da kanta ta kai mu. Ina jin ta daɗe da sanin maganar idon, ba ta dai faɗa ba ne.

Suka gaisa. Kaka ta ce, "Ina wuni, Mai Yatsu, ya jiki?" Shi kuma ya faɗi nasa da harshen garinsu, ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya nemi in fassara.

Fim ɗin masu gyaran rufin gida ne su biyu da wata akuya. Ban san yadda zan rubuta abin da ya faru ba. Kaka ta ce "A'a, a'a, a'a," fiyano ta hau sama da ita, a'a, a'a, a'a. Ta ce "Shi ke nan!" daidai guga ya faɗo, daidai dum. Da akuya ta cinye hular mai gida, Kaka ta ce, "Ci abinki, 'yar albarka," shi kuma ya yi wani ɗan kiɗa mai rangwaɗa kamar tafiyar akuya. Mutane suka fashe da dariya, ta ciki, ba ta hanci ba.

Mai shhh na makon jiya yana nan. Na ga kafaɗunsa suna rawa.

Da aka kunna fitila aka yi tafi, Mai Yatsu ya miƙe ya nuna Kaka da hannu biyu. Ta gyara ɗankwali ta ce mini, "Me suke kallo? Ba su taɓa ganin kyakkyawa ba?"

Laraba, 22 ga Oktoba

Kaka ta sauka bene ita kaɗai ta sayo albasa. Ta ce da yatsa ta yi cinikin, kamar a fim ɗin kurame.

Lahadi, 26 ga Oktoba

An fi cika yau. Wasu mata biyu a bayanmu sun fara yi wa allon magana da harshensu. Wata yarinya ta tambaye ni me Kaka take cewa in ta ce "yana bayanka". Na gaya mata. Kalma uku, amma sun fito.

Umma ta ce gugguru ya fi zubewa a ƙasa yanzu saboda dariya, ita ce da wahala. Tana faɗa tana murmushi.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Mura ta kama Kaka, muryar ta dishe gaba ɗaya. Baba ya zauna bakin gadonta ya ce mutumin nan mai tafiya gida yana son amsa. Ta nuna wuyanta, ta kaɗa masa hannu. Ya ce to, zuwa Litinin.

Jakar tana nan inda take.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Har yanzu ba murya. Na ce mu zauna a gida gobe. Ta harare ni, ta nuna zaninta a kan kujera, a goge.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Bari in rubuta tun ban manta komai ba.

Fim ɗin da bai sani ba ne. Wata mai wanki ce da jaririnta a keken turawa, a kan gangara. Kaka ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Mai Yatsu yana ta kaɗa abu mai sanyi, ya karkato kunne wajenmu yana jira. A allo kuwa keken ya fara gangarawa, uwar tana shanya, ta ba shi baya. Shi yana kiɗan barci! Mutane sun fara kallonsa.

Kaka ta mintsine ni a cinya. Da ƙarfi.

Ban yi shawara ba. Na dai ji wata tana ihu, "Yaronki! Juyo! Gudu, gudu, GUDU!" Fiyano ta zabura ta bi keken a guje. Sai da muka kai ƙasan gangara, ni da shi da uwar, na gane muryata ce. Daga nan kuma ban iya tsayawa ba. Na zagi wani ɗan sanda a allon. Na yi wa karen da ya tare keken godiya.

Da aka gama ya juyo yana laluben inda muke, ya ce, "Wace ce wannan sabuwar?" Kaka ta kama hannuna ta ɗaga sama kamar na ci dambe.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Muryar ta ɗan dawo, kamar ƙofa mai tsatsa. Abu na farko da ta ce: "To, 'Yar Shiru ta iya. Tsoho ya samu ido. Sai in kama hanya."

Ashe da bakina na kore ta. Na kasa ko kallonta.

Baba ya shigo da waya a hannu. "Inna, me zan ce masa?"

Ta daɗe tana gyara filo. Sannan ta ce, "Ce masa ya gaida gida. Wannan yarinyar muryarta kamar sauro, kuma ta makara wajen kare. In na bar mata bawan Allahn nan za ta jefa shi rami. Sai na shekara ina koya mata."

Ban makara wajen kare ba. Amma ban yi musu ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Mutumin ya tafi yau. Kaka ta ba shi saƙon gaisuwa mai tsawo har ya kusa rasa mota. Jakar tana ƙarƙashin gado, an zuba barguna a ciki. Bayan ƙofa ya zama fili, har ƙofar tana buɗewa gaba ɗaya, ban san tana yi ba.

Ba wani abu a makaranta. Sai dai taswirar bango ta ɓalle tana shirin faɗo wa Malama a ka, wata ta ce, "Malama, bayanki!" Da Hausa. Malama ta kauce. Duk aji suka juyo suna kallona, sai aka maimaita musu da harshensu, har da bayanin ƙusar da ta cire. Ba wani abu ba ne, kowa ma zai yi.

Ban gaya wa Kaka ba. Za ta ce na makara.