Raƙumar Malam Isyaku

Fagge, Kano
Litinin, 11 ga Maris, 1957

Zuwa ga Yakaka, hasken idona, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan randa ga wanda ya kwaso ranar kasuwa, yayyafin farko mai tayar da ƙamshin ƙasa. Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, kaina a sunkuye. Kafin ki yamutsa fuska, na rantse miki waɗannan kalmomin nawa ne, ban kwaso su daga gafakar kowa ba.

Jiya Obiageli, ƙawarki ta asibiti, ta shigo shagona ta ɗora wasiƙuna bakwai a kan keken ɗinkina, an ɗaure su da bandeji. Kafaɗunta na rawa don dariya har ta fita. Wasiƙun da na rubuta miki ne, duka bakwai ɗin. Na gane saƙon, kuma na cancanci fiye da haka.

Abin da ya fi ci mini rai, ni da bakina na gayyace ki wasan nan na ranar Asabar a zauren makaranta a Sabon Gari. Wa ya aike ni? Ni na ɗinka rigar da Ari zai sa ya fito a matsayin marigayi Malam Isyaku Mai Tawada, mawaƙin da iyayenmu ba sa ambatonsa sai sun yi ajiyar zuciya, kuma so nake ki ga aikin hannuna a gaban jama'a. Kin kuwa gani.

Amma tsakani da Allah, Yakaka, kin ga abin da Ari ya yi? Arin nan akawun reluwe, wanda na san shi tun yana gudun kyankyaso! Ya manna gemun auduga da ƙaro, ya dogara sanda, ya fito yana jan ƙafar hagu, sai ga shi ya tsufa shekara hamsin a gaban idonmu. Yadda yake lasar alƙalami kafin ya tsoma shi a tawada, yadda yake tsayawa a tsakiyar baiti ya kori kaji sannan ya ci gaba daga inda ya tsaya, yadda yake tofar da tuƙar goro gefe in amsa-amo ya ƙi zuwa. Dattijon da ke kusa da ni, wanda ya ga Malam da ransa, ya riƙe mini gwiwa yana hawaye, wai har tarin ma nasa ne. Ni kuwa ina ta baza hanci, ina jira wani ya tambayi wanda ya yi aikin wuyan rigar.

Sai Ari ya zauna a ƙasa, ya ɗauko wata tsohuwar akala ya rungume, ya fara rera waƙar manyan idanu masu dogon gashi, da dogon wuya, da tafiyar da babu gaggawa a cikinta. Na san baitocin, ke ma kin san su, su ne na rubuto miki a wasiƙa ta uku na sa hannu a ƙasa. Ashe makokin raƙumarsa Malam yake yi, wadda ta ɗauko shi daga Barno ta zo ta mutu a zangon Fagge. Zaure duk ya ɗauki kuka saboda raƙuma, ni ina neman ramin da zan shige. Da ya kai kan baitin tsagaggen leɓe da cin ƙaya, na saci kallon bencin mata. Na ga kin kai hannu wuyanki, kin ja mayafi kin rufe shi ruf. Wallahi da mari kika yi mini da ya fi sauƙi.

Ga gaskiyar magana. Takardun waƙar na gaje su ne daga kawuna, da ajami, warwatse a cikin gafaka, kuma gara ta cinye shafin farko inda Malam ya faɗi wadda yake yi wa, ta haɗa da baitin leɓen. Na karanta, na ga idanu, na ga wuya, na ce wannan ai Yakaka ce. Na juye su da boko, ina cewa a raina ke da kika yi karatun asibiti ina za ki haɗu da tsofaffin takardun ajami? Laifi biyu ke nan, sata da raƙuma. Satar tawa ce, na ɗauka. Raƙumar kuwa a raba mana ita ni da gara.

Duk da haka, ya farin watana, ki yi wa dabbar nan adalci. Ba ki ga yadda Ari ya nuna Malam yana ba ta ruwan salkarsa shi yana haɗiyar yawu ba? Ba ki ji muryarsa ta karye da ya kira sunanta ba? Nuna mini mace ɗaya daga Fagge har Rijiyar Lemo da aka so kamar yadda tsohon nan ya so raƙumarsa. Ina jin haushin Ari kamar in farke rigar a jikinsa, amma shi ya nuna mini abin da na sata ban san nauyinsa ba. Na fito daga zauren nan ina jin kunya, ina kuma son ki fiye da yadda na shiga.

To ga nawa, ba ado. Wuyanki daidai yake da na mutane. Tafiyarki gaggawa ce zalla, ko mai keke sai ya ba ki hanya. Idanunki ƙanana ne, in kina dariya ɓacewa suke yi gaba ɗaya, kuma abin da na fi so in gani ke nan a duniya. Ranar da kika fara kawo farar rigarki ta aiki a rage miki, kin ce ɗinkina ya karkace a gaban abokan sana'ata, kuma gaskiyarki ne. Sau biyu bayan nan da gangan na karkatar da shi don ki dawo ki yi mini faɗa. Wannan babu shi a takardar kowane malami.

Jumma'ar nan baffannina za su je wurin mahaifinki, Alhaji Gana, neman aurenki. Sun sa an wanke manyan rigunansu, ba su san komai ba. In kin ce su zo, ki aiko mini da kalma ɗaya kafin Alhamis. In kin yi shiru, ni zan tafi da ƙafata in durƙusa gaban dattawan nan in gaya musu na rasa mata saboda raƙumar da ta mutu tun ba a haife ni ba. Za su yi mini dariya har su gaji, wannan zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ki wuce ƙofar shagona da saurin nan naki, ki ƙi waiwayowa.

Ban iya waƙa ba, Yakaka, kuma na daina aro. Ina son ki, ina tsoron kada ki ce a'a.

Naki shi kaɗai, har ranar da wani telan zai ɗinka mini likkafani,

Abdulmuminu