Ni na ƙona fentin, Baba ya ɗauki laifin

Assalamu alaikum. A ɓoye sunana, kuma don Allah a ji ni kafin a zage ni.

Na ƙona fentin motar wani, na yi shiru, mutumin da ya raine ni ya bar sana'a a kan haka.

Aikina gyaran jikin mota da fenti a Kalgo. Ban yi boko ba, ban tashi da uba ba. Na yi dako, na kwana a tasha, na sha duka ban yi kuka ba. Maigidana, wanda nake kira Baba, shi ya ɗauke ni ya koya mini aiki.

Wani tsohon malamin makaranta daga Gwandu ya kawo motarsa, irin ta da, mai zagayayyen jiki. Tun ƙuruciya yake riƙe da ita, fentinta na asali ne. Goge ta kawai yake so. Baba ya aike ni Birnin Kebbi sayen injin goge fenti. Ya ce, "Ka ɗauko ƙaramin, mai ɗan soso, wanda ke kaɗawa. Wannan mota duk lanƙwasa ce." Na je na ga ƙaramin, na raina shi. Na ɗauki babba mai faɗin faifai, mai gudu, don in riƙa gama aiki da wuri. Na dawo na ce ƙaramin ya ƙare.

Baba ya gwada shi kaɗan a kumburin saman taya, ya ajiye, ya ce, "Wannan na bonet ne, ɗana. Nan sai da hannu." Ya tafi sallar Azahar. Me ya hana ni bin shi masallaci? Na ɗauki injin na kafa a wurin. Faifai mai faɗi ba ya kwanciya a lanƙwasa, bakinsa kawai ke ci. Kafin in ɗaga hannu ya cinye fentin har farin shafen da ke ƙarƙashinsa ya fito. Na shafe da man gogewa, na koma wata mota.

Mai mota ya zo, ya shafa wurin, man ya fita. Bai yi faɗa ba. Ya ce wa Baba, "Haba, Malam. Saboda hannunka na baro Gwandu." Baba ya matso da fuskarsa dab da ƙarfen, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ni na taɓa nan. Idona ya tafi ban sani ba." Ina tsaye a gefensa.

A satin ya ba ni makullin gareji, ya koma garinsu Kambaza. Mutumin da ba ya iya wuni a zaune, yanzu yana kan tabarma a zaure. Ya rame. Idan na je gaishe shi sai ya ce, "Gara da na bari kafin in ɓata maka suna." Ni? Wane suna?

Idan na faɗa, zai san idonsa lafiya lau, amma zai san irin ɗan da ya yi rainonsa. Idan na yi shiru, zai mutu yana zargin kansa.

Yanzu ina cikin garejinsa, a kan bencinsa, mutane suna ce mini maigida. Jama'a, me zan yi?