Daga Tsamiya Zuwa Rijiya

Talata Mafara, 2 ga Maris, 1981

Yaya Taibatu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina gida? Yaya maigidanki Malam Zubairu da yara da mutanen Maradun? Allah sa kuna lafiya.

Albishirinki! Za a yi taron masana tarihi da malaman makaranta na jiha a nan Mafara, kuma an gayyace ni, ni da na tsaya aji uku na sakandare. Na gaya masu duk digirinsu ba su da kamar ƙanen mahaifinmu, Baba Dikko, wanda ya haddace tarihin garinmu Tungar Hashimu tun kafuwarsa. Da motata zan ɗauko shi daga Bakura, su ga abin da gumina ya saya.

Ki gaida kowa.

Ƙanenki,
Maikuɗi

Talata Mafara, 15 ga Maris, 1981

Yaya Taibatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ki yi haƙuri da labarin da zan ba ki.

An yi taron. Na ɗinka wa Baba sabuwar riga, aka zaunar da shi gaba, aka kunna rikoda. Ya yi bisimilla, sai ya yi shiru, shirun da har wani malami ya miƙa masa ruwa. Ashe bai taɓa ba da tarihin nan a zaune ba. Kin tuna, tafe yake faɗinsa: a gindin tsamiya ya ambaci waɗanda suka sari daji, a rijiya waɗanda suka zo daga baya, a maƙabarta ya rufe. Wurin ne ke tuna masa.

Na ji haushi ya kunyata ni. Washegari na kai shi can Tungar Hashimu. Yaya, tun da aka tashi garin saboda aikin dam, ba komai sai fili a shimfiɗe da hanyoyin ruwa. Ya tambayi inda tsamiya take. Ni kaɗai na sani, don ni na tuƙa katafilar da ta tumɓuke ta, aikin da nake ta alfahari da shi. Na je na tsaya a gurbinta, ya dafa kafaɗata, sunaye suka zo masa har bakwai, ina rubutawa ina hawaye. Daga nan ya nemi rijiya. Wallahi na kasa gane wurin. Ni na cike ta, amma ban taɓa ɗiban ruwa cikinta ba.

Tun ranar Baba bai cika cin abinci ba, ƙafafunsa sun kumbura. Ke kika yi shekaru kina zuwa rijiyar nan da tulu. Don Allah ki roƙi Malam ya bar ki, zan turo mota ran Talata. Zan tsaya a gurbin tsamiya, ke ki taka yadda ƙafarki ta saba, inda kika tsaya nan za mu kai shi.

Kada ki jira damina ta sauka.

Ƙanenki mai neman gafara,
Maikuɗi