Bakaniken Cikin Littafi

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Littafinki ya iso, na karanta shi a bakin gareji. Wa ya ce ki sa ni a ciki? Ba ki kama suna ba, amma bakanike mai yatsu tara, wa zai kasa gane shi? Kin rubuta cewa ya ƙi sa wa motoci jabun kaya, sauran bakanikai suka juya masa baya, ya tsaya shi kaɗai. Yanzu mai faci yana kirana Na-littafi. Jiya wani direba ya kawo babbar mota daga nesa, wai mai gaskiyar nan yake nema. Na rasa inda zan sa kaina. Ni da hannuna na gina wurin nan, babu wanda ya ba ni ko sifana, ba na bukatar talla. Idan za a sake bugawa, ki cire ni. Mamanki na gaishe ki.

Babanki

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Wallahi ban yi don in ɓata maka ba. Ina 'yar shekara goma na ga ka jefar da kwalin jabun birki a kwata, dillalin da ya kawo shi yana zaginka. Daga ranar nan littafin ya fito. In ka ce a cire, zan cire, amma babu abin da zai saura sai bango. Me ya yi maka zafi a ciki, Baba?

Autarka

Auta,

Gaisuwa. Takardarki ta yi kwana tara a aljihuna, sai in ciro in mayar. Kin ga ranar kwata, ba ki ga shekarar da ta biyo baya ba, lokacin da wata ya wuce ko keke bai shigo garejin ba. Na koma wurin dillalin da ƙafata. Shekara goma sha biyu ke nan ina sa abin da kowa ke sawa.

Direban nan na sa masa na asali, ban iya kallon idonsa in yi wani abu dabam ba. Sauran jabun na kwashe su daga kanta yau da safe. Maƙwabta sun ce na haukace.

Kada ki cire komai. Amma kafin ki sake rubuta mutum, ki tambaye shi ko zai iya ɗauka.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki