Ba a Faɗa wa Mai Shiga Ruwa Mugun Labari

Malama Maimunat, assalamu alaikum.

Ina neman taimakonki. Ki sani wannan kalma ta yi wa alƙalamina nauyi, domin na haura saba'in ban saba rubuta ta ba. Shekaru masu yawa na yi ina shugabantar makarantar 'yan mata, ni ake kawo wa damuwa, ba ni ke kai ta ba.

Ina zaune a Ain Khaled tare da 'yata Safiyyatu, malamar ilimin halittun ruwa a wata jami'a a nan Doha. A takarda ita ce kafil ɗina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, kalmar da har yau ban yi sulhu da ita ba. Duk da haka ni ke girka abincina, ni ke wanke tufafina, ban taɓa roƙon kowa ya miƙo mini ko buta ba.

Bincikenta a kan wata halitta ce da ake kira kiril, mai kama da jatan lande, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, tana rayuwa a tekun ƙanƙara na can ƙarshen kudancin duniya. Ranar da ta fara nuna mini hotonta na yi dariya, na ce ashe duk karatun nan a kan abin da ake dakawa a zuba a miya ya ƙare. Ba ta ji haushi ba. Ta zaunar da ni ta bayyana mini cewa kifayen wurin, da tsuntsayen nan masu tafiya tsaye kamar mutane, da manyan dabbobin teku da suka fi giwa girma, duk da kiril suke rayuwa. Su kuma jiragen kamun kifi suna kwasarta don yin mai da abincin kifin kiwo. Saboda haka ƙasashe kan zauna su yanka iyakar abin da za a kama, bisa ƙiyasin masu bincike irinta, waɗanda ke aika sauti cikin ruwa su saurari amsa-kuwwa, su gane yawan abin da ido bai gani ba.

A nan na daina dariya. Mahaifina Basarke ne na ƙasar Yawuri. A ƙauyenmu akwai gurbin da Sarkin Ruwa ke rufewa har kifi ya yi ƙwai ya girma, kuma ko yunwa ta kai ina ba mai jefa taru a ciki. Na ce mata ashe sarautar kakanninta ta gada, sai dai nata kogin ya daskare.

Bana aka ba ta gurbi a jirgin bincike, bayan shekarun da ta yi tana nema ana hana ta. A farkon Disamba za su tashi, sai wajen Maris su dawo. Ta sayo riguna masu kauri ta baza a kan gado, a garin da ko ƙarfen ƙofa ƙuna yake yi. Ta je wurin malami ta tambayi yadda ake kiyaye lokutan salla inda rana ke ƙin faɗuwa. Ni kuma na daka mata yaji, na ƙulla mata kuka da daddawa, don na san abincin jirgi ba zai yi mata ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Kwanakin baya numfashina ya soma yankewa idan na hau matakala. Na ce mata zan je kasuwa, na ɗauki taksi na tafi asibiti ni kaɗai. Likita, wani yaro mai ladabi ɗan Zariya, ya ce wata jijiyar zuciyata ta tsuke, dole a buɗe ta, kuma bai yarda a jira har Maris ba. Na gargaɗe shi kada maganar ta wuce ɗakinsa.

A gidanmu akwai ƙa'ida: ba a faɗa wa mai shiga ruwa mugun labari. Na ga mahaifiyata ta riƙe labarin rasuwar ƙanen babana tun hantsi, tana share hawaye a madafa, har sai da babana ya dawo da yamma ya ɗaure kwalekwalensa. Takan ce zuciyar da ta rabu biyu ita ke kifar da jirgi. Don haka na tsara in yi shiru, in raka ta filin jirgi da fara'a, sa'an nan in kwanta a yi aikin. Ɗana Masahudu yana Kaduna, amma bakinsa ba ya riƙe ruwa, a ranar zai kira ƙanwarsa. Maƙwabciyarmu Hussaina ma'aikaciyar jinya ce, sai dai ta taɓa tayin ɗaukar mini kayan cefane na ƙi, da wace fuska zan ƙwanƙwasa mata ƙofa?

Idan na faɗa wa Safiyyatu, na san halinta, khalas za ta ce, wato shi ke nan, ta ninke rigunan nan ta mayar. Ban haife ta don in zame mata turke ba. Amma shekaranjiya ina tuƙa tuwo, na juya na same ta tsaye a bakin madafa, numfashina take sauraro. Tun lokacin na kasa haɗa ido da ita. Ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci, na saba ba wasu ita.

'Yar Sarkawa, Doha

AMSA

Hajiya, wa alaikumus salam. Allah Ya ba ki lafiya.

Abu na farko, kada ki jinkirta aikin don kowa. Maganar likita a nan ita ce gaba.

Ƙa'idar gidanku ba ta banza ba ce, kuma ƙauna ce ta sa kika riƙe ta. Amma ki duba inda aka yi ta. Mahaifinki da safe yake shiga ruwa ya fito da yamma, labarin yini ɗaya yake jira. Kuma abin da mahaifiyarki ta riƙe ya riga ya auku, babu abin da saninsa zai sauya. Naki bai auku ba tukuna, Safiyyatu kuwa watanni za ta yi a inda ba a juyo da jirgi don mutum ɗaya. Idan ta ji labarin a tsakiyar ƙanƙara daga bakin wani, wannan nauyin ba a Maris zai sauka ba.

Ke da kanki kika ce iyakar kamu a kan ƙiyasi take tsayawa. In ƙiyasin ya zama na ƙarya, hukuncin ma ya karkace, komai kyawun niyya. 'Yarki tana shirin yanke babban hukunci, ke kuma kina miƙa mata lissafin da ba shi ba ne.

Tsoronki ma gaskiya ne, tana iya cewa ta fasa. Saboda haka kada ki kai mata ciwo tsirara, ki kai mata shi da tsari. Ku koma wurin likita tare, ku tambaya ko za a iya yin aikin kafin Disamba. Ki kira Masahudu ya fara neman biza ya zo ya zauna da ke. Ki ƙwanƙwasa ƙofar Hussaina da kwanon tuwon nan a hannu, wanda ya kawo tuwo ba roƙo ya zo ba. Sa'an nan ki faɗa wa Safiyyatu a fili cewa kin yarje mata ta tafi, da albarkarki. In bayan haka ta zaɓi zama, ki karɓa ba tare da faɗa ba. Ke kika koya mata auna abu.

Barin a yi miki hidima na 'yan makonni ba ƙasƙanci ba ne. Sarkin Ruwa ba don ya raina gurbi yake rufe shi ba, don a daɗe ana samunsa ne.

Mahaifiyarki ta yi gaskiya, zuciyar da ta rabu biyu ita ke kifar da jirgi. Sai dai ta Safiyyatu ta riga ta rabu tun a bakin madafa. Mace ce da sana'arta sauraron abin da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, ta kuma ji naki. Amsa kawai take jira. Ki ba ta yau, kafin ta rufe akwati.

Allah Ya sa a yi aikin a sa'a, Ya kai ta lafiya, Ya dawo da ita ta tarar da ke tsaye a ƙofa.

Maimunat