Da Rafin Bai Cika Ba

Malam, inuwar gawona a tsakiyar rani, ruwan farko a kan busasshiyar gonata, sanyin idona,

Ka gafarce ni da na dame ka da takarda kana can Kudu kana fama da kasuwar albasa. Sau uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa.

Ran da za ka tafi, kuna shan fura da Malam Zailani a zaure, na jiyo ka kana ba shi labari kuna dariya: wai ranar da ka fake wa ruwa a gidanmu a Lausu, Madachi ka nufa, zance wajen wata Salma, rafi ya cika ya tare ka. Shekara ashirin da uku ina zaton ni ƙafarka ta nufo! Ashe turaren da ka miƙo mini da na kawo maka ruwa, wanda kwalbarsa ke ƙasan akwatina har yau, ba don wuyana aka saye shi ba.

Ba da Salmar da ke raye nake kishi ba. An ce tana can da jikokinta, Allah ya ƙara mata rufin asiri. Mai hana ni sakat ita ce Salmar da ba a yi ba: wadda da rafin bai cika ba da ka ƙetara ka aura, ta san yawan yajin da kake so a miya, ta haifa maka ɗan da ba Amirunmu ba. Ina zan same ta in kalli idonta?

A makarantar Babanmu an karantar da mu wajibi, da mustahili, da ja'izi, wanda zai iya kasancewa ko ya ƙi. Na san Allah kaɗai ne wajibin samuwa. Ni da kai da aurenmu duk ja'izi ne, da Ya so da bai yi ba. Na san kuma "da a ce" ƙofar Shaiɗan ce. Kullum ina istigfari, kullum ina komawa in leƙa.

Don haka ba zan ce ka kira ni wajibi ba, kar mu yi saɓo. Abu ɗaya nake roƙo, tauraron asubahina: da ruwan ya janye kafin la'asar, bayan ka riga ka gan ni, da ka ja kekenka ka wuce, ko da ka zauna? Kar ka lallashe ni, faɗi abin da ka sani. Ko wanne ne, ni taka ce har ranar da za a kai ni makwancina.

Don Allah ka ba ni amsa da wuri.

Matarka,
Zahra'u