'Yar Ƙofar da Na Huda a Ƙyaurenki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ƙasa ta yi miki sauƙi, makwanci ya yalwata. Da sallama na fara domin na san halinki. Ko a takarda na faɗo miki haka kawai, cewa za ki yi in koma waje in sake shigowa kamar ɗan mutane.

Gidanmu na Tudun Wada yana nan yadda kika bar shi, sai dai damina ta sake cin katangar bayan gida. Ina nan ina koyarwa a makarantar nan ta Tudun Jukun. Surukarki Maryam ta yi nauyi, an ce haihuwa ta kusa. Baba yana nan. Maganar Baba ce ta sa na ɗauki alƙalami, da kuma wani aiki da na sa aka yi wa ƙyauren ɗakinki. Na san akwai masu karanta wannan da za su ce Auta ya fara zarewa. Su faɗa. Da ke nake.

Kin tuna Baƙuwa, kyanwar nan taki mai ruwan toka da ta faɗo mana ta kan katanga tana 'yar mitsitsiya? Ke kika raɗa mata sunan, kika ce tunda ba gayyatar ta aka yi ba, to ta koyi ladabin baƙi. Kuma ta koya. Sai ta zo bakin ƙofarki ta zauna, ta yi kuka sau ɗaya, ke kuma ki amsa daga ciki, "Wa alaikis salam, shigo," sannan ki miƙe ki buɗe mata. Muna yi miki dariya, muna cewa saura ki sa ta a Islamiyya. Ko ƙofar a buɗe take, ba ta tsallaka dokin ƙofa sai ta ji muryarki.

Haka kike da ƙyauren nan. Ba ki taɓa tura shi ba sai da bisimilla, ko da tuwo na ƙonewa a murhu. Kullum maganarki ɗaya ce: "Ƙofar da aka rufe da sunan Allah, mai sallama kaɗai ke wuce ta." Na ji wannan magana har ta zame mini kamar kukan kaji, ina jin ta ba na sauraro.

Bayan rasuwarki Baba ya kwashe buzunsa da butarsa ya koma ɗakinki. Ya ce nasa yana yoyo. Ni na hau rufin da kaina, Inna, ko ɗigo babu, amma na ƙyale shi. Yanar idonsa ta ƙaru, gwiwoyin nan kuma kin san su. Baƙuwa kuwa ba ta san an yi mutuwa ba. Ta ci gaba da zuwa tana kukanta, shi kuma ya gaji aikinki, ya amsa, ya lallaɓa ya buɗe. Wata rana da hantsi, ina makaranta, Maryam na asibiti wajen awo, ya tashi buɗe mata, ƙafarsa ta harɗe da tabarma ya faɗi. Da na dawo na tarar da goshinsa a kumbure, yana ta rantsuwa ba abin da ya same shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi niyyar sa kyanwar a buhu in kai ta bayan Kwangila in saki. Sai na tuna taki ce. A waya na taɓa ganin yadda wasu ke yanka 'yar ƙofa a ƙasan babbar ƙofa, a maƙala mata murfi mai lilo, kyanwa ta tura da kai ta shige, ta tura ta fito, ba mai tashi dominta. Na ce ai ga magani. Na ɗauko Malam Tanimu kafinta, na nuna masa hoton. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce duniya ta zo ƙarshe tunda kyanwa ta samu ƙofarta ta kanta, shi kuwa har yau gidan haya yake.

Ya ɗaga ƙyauren ya fitar da shi, ya kwantar a tsakar gida, ya zana da fensir, ya sa zarto. Bai yi nisa da yanka ba sai wani ƙamshi ya taso daga cikin katakon. Kafur ne, Inna. Ƙamshin kafur mai ƙarfi, kamar yanzu aka daka shi. Malam Tanimu ya yi atishawa, ya tambaye ni ko a jikin ƙyauren kike rataye kayan sanyi. Na ce wataƙila. Daga nan bai ƙara wasa ba. Ya goge gefen da ya yanka, ya mayar da guntun katakon a matsayin murfi, ya maƙala shi da 'yan ƙarafa biyu irin na murfin akwati, ya haɗa kayansa. Ko ruwan da Maryam ta kawo masa bai sha ba.

Murfin yana da 'yar ƙara in ya motsa, wani siririn ƙiii, sannan ya koma ya ce ƙaf.

Baƙuwa ta ƙi shi ƙememe. Na sa busasshen kifi ta ciki, na kira ta, na lallashe ta kamar amarya. Da na gaji na kama ta zan tura kanta, ta yakushe ni a hannu, tabon yana nan. Ta koma gindin bishiyar gwaiba ta zauna, ta zuba wa 'yar ƙofar ido, gashin bayanta a tsaye. Ba ta sake zuwa bakin ɗakin ta yi kuka ba. Bayan 'yan kwanaki ta tsallaka gidan maƙwabta, can take har yau. In na kira ta daga kan katanga sai ta dube ni, ta dubi ɗakinki, ta juya.

Ranar da na fara gani da idona, bayan la'asar ne, daidai lokacin da kike dawowa daga kai ɗinki. Rana na nan tarwai, yara na ƙwallo a layi, mai gyaɗa na talla. Ina zaune a kan turmi ina duba littattafan 'yan ajina. Sai na ji ƙiii. Na ɗaga kai. Murfin ya tura ciki a hankali, ya tsaya a buɗe kamar ana jiran jela ta gama wucewa, sannan ya dawo, ƙaf. Babu komai a wurin. Ko ganyen gwaiba bai motsa ba.

Daga cikin ɗaki na ji muryar Baba, a sake, irin wadda rabon da in ji ta tun kina nan. Ya amsa sallama, ya yi sannu da zuwa. Da na shiga na ce masa ba kowa, sai ya ce an yi sallama mana, mu ne yaran yanzu waya ta toshe mana kunne.

Kada ki ce ban nemi dalili ba. Na ce iska ce, na rufe tagar ɗakin. Na ce ɓera ne ko ƙadangare, na barbaɗa toka a bakin ƙofar don in ga sawu. La'asar ta yi, murfin ya buɗe, ya rufe, tokar nan tana kwance lumui kamar yadda na zuba ta. Maryam ta gani ita ma, tun ranar ba ta yarda ta zauna a tsakar gida da yamma.

Baba kuwa ya canza. Yana wanka da azahar, ya sa turare, ya gyara shimfiɗa a gefen gadon da kike zama. In murfin ya yi ƙararsa, sai mu ji yana hira ƙasa-ƙasa, wani lokaci har da dariya, ya yi shiru kamar mai sauraro, ya ci gaba. Fuskarsa ta yi haske, ba zan ɓoye miki ba, ban taɓa ganinsa cikin farin ciki haka ba tun ranar jana'izarki. Amma tuwon dare yana dawowa yadda aka kai shi. Ya ce ya ƙoshi. Agogonsa yanzu har gwiwar hannu yake zamewa.

Akwai abin da na lura da shi wanda ban faɗa wa Maryam ba. Kullum ciki murfin yake turawa. Na zauna na tsare shi har magariba, na sake dubawa da asuba, ban taɓa ganin ya turo waje ba. Abin da ke shiga kowace yamma, ban san ta inda yake fita ba, ban ma san ko yana fita ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta zo daga Gyallesu duba shi. Tana shigowa idonta ya sauka a kan 'yar ƙofar. Inna, matar nan a ƙasa ta zauna daɓas, da sabon zanenta, tana salati. Sannan ta gaya mini abin da mu maza ba mu sani ba, domin muna zaure muna karɓar gaisuwa. Ranar da kika rasu an kwana ana ruwa, tsakar gida duk taɓo, ga lokaci na ƙurewa. Sai matan suka ɗaga ƙyauren ɗakinki suka ɗora a kan turame, a kansa suka yi miki wanka. Kafin mu dawo daga maƙabarta sun wanke shi sun mayar. Ta ce ƙasan ƙyauren suka juya wajen kanki. Daidai inda na sa aka yanka, nan kanki ya kwanta, nan ruwan kafur ya taru.

Ta ce in nemo ƙusa in toshe tun kafin rana ta faɗi. Na je wajen liman, ya ce wanda ya tafi ya tafi, matattu ba sa dawowa, in yawaita karatu a ɗakin, in kuma kai Baba asibiti. Na yarda da maganarsa, na yi duka biyun. Likita ya auna ya ce bai ga ciwo ba, tsufa ne da rashin ci. Amma da na zo da guduma da ƙusoshi, Baba da ba ya gani sosai ya ji ƙararsu a hannuna. Bai ɗaga murya ba. Ya ce duk wanda ya buga ƙusa a jikin ƙyauren nan, bai yafe masa ba duniya da lahira. Kin san Baba bai taɓa yi mini baki ba, ko ranar da na kifar masa da babur a kwata. Na mayar da gudumar inda na ɗauko ta.

Jiya da safe ya kira ni. Ya ce a wanke masa farar rigarsa ta Idi a goge. Sannan ya miƙo mini 'yar kwalbar man keken ɗinkinki, ban san inda ya lalubo ta ba. Ya ce in ɗiga wa ƙarafan murfin nan, ƙararsu ta yi yawa, ba ya son ranar da za su fita su dame ni. Za su fita, Inna, ba shi kaɗai ba. Haka ya ce, yana murmushi.

Rigar na ba da an wanke. Man kuwa yana cikin aljihuna, kuma ba zan ɗiga ba. Wannan ne karo na farko da Baba ya sa ni aiki na ƙi. Ina so in ji ƙarar. Na shimfiɗa tabarmata a bakin ƙofar, a nan nake rubuta miki wannan, ƙafata tana tokare da murfin ta waje. Shiga dai ana iya shiga.

Inna, ina tsoro, kuma ina kewarki, har na kasa raba biyun. Ban san ko ke ce ba. In wani abu ne ya ari lokacin dawowarki, to Allah ya fi shi, kuma ke ba ruwanki. In kuwa ke ce, ban hana ki zuwa ba, ɗakinki ne, mijinki ne, kin riga ni saninsa. Amma ki dubi Maryam. Baba ya yi alkawari shi zai yi wa abin da za ta haifa huɗuba a kunne, kuma in mace ce sunanki za ta ci. Ni ban iya zama babba a gidan nan ba tukuna. Ban gama da shi ba.

Ke kika dake ni a kan lemo ɗaya da na tsinko a gidan maƙwabta, kina cewa, "Ba a fita da abin gidan mutane sai an tambayi mai gida." Kin tafi kin bar mini gidan nan a hannu. To, ba a tambaye ni ba, kuma ko an tambaya, ban ba da shi ba. Ki bar mini shi, Inna, ko ya riƙe takwararki a hannu sau ɗaya.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa ki samu hutun da zai ishe ki har ki daina waiwayen gida. Allah ya ƙara wa Baba kwana da lafiya, ya sauki Maryam lafiya, ya tsare mana wannan ƙofa da na huda da hannuna. Amin.

An kira la'asar tun ɗazu. Ina jin Baba yana gyara shimfiɗa.

Ɗanki da ke zaune a bakin ƙofa,
Auta